Uwargida, Kada Ki Sayar Da Tunkiyarki Don Fom Ɗin Soja

 Yau zancen namu na soja ne. Na sani wata za ta ce ina ruwan mace da zancen soja, ai wannan hirar maza ce ta gindin bishiya. To, 'yar'uwa, ki yi haƙuri ki bi ni sannu. Duk yaron da kika gani cikin kaki wata ce ta haife shi ta goya shi. Ran da aka ce a kawo kuɗin fom, ɗakin uwa ake fara shiga, ita ce za ta kwance tunkiyarta ko ta fid da kwanukan jerenta a kai kasuwa. Ran da aka ce an yi artabu a daji kuma, ita ce ba ta runtsawa sai ta ji muryar ɗanta. Sabo da haka zancen soja namu ne, kuma wajibi ne mu san kansa da gindinsa.

Ina magana musamman da ku matan Bodinga da Shagari, da na Sifawa da Danchadi da Dingyadi da Kajiji da Dandin Mahe, inda kowace shekara yara ke gama sakandare su dawo gida, in damina ta wuce kuma sai zaman kashe wando ko tafiya cin rani. Yaron da ke cikin wannan hali, da ya ji an ce ana ɗaukar soja, jikinsa har rawa yake yi, kuma a irin wannan rawar jiki ne mazambata ke samun abincinsu.

Mu fara da abin da ake kira sojan ko-ta-kwana, domin 'ya'yanmu suna ganin labarinsa cikin wayoyinsu, suna zaton ko'ina haka abin yake. A Ingila da Amurka akwai wani tsari inda mutum zai zama soja alhali kuwa bai bar sana'arsa ba. Malamin makaranta ne ko direba ko ma'aikaciyar asibiti, yana zaune a gidansa yana aikinsa, sai ya cika takarda, a duba lafiyarsa, a bincika halinsa, a ba shi horo, ya yi rantsuwa. Daga nan sai ya riƙa zuwa atisaye lokaci-lokaci ana biyansa kuɗin kwanakin da ya yi. A Amurka abin da aka saba shi ne ƙarshen mako ɗaya a kowane wata, da kuma mako biyu a shekara. A Ingila an kafa irin wannan runduna tun 1908. In yaƙi ya taso, ko ambaliya, ko wata annoba, sai gwamnati ta kira su, su ajiye alli da sitiyari su sa kaki. Mata ma suna ciki. Sarauniya Elizabeth ta Biyu da kanta, tun tana gimbiya, ta shiga rundunar mata masu taimaka wa sojan Ingila a 1945, ta koyi tuƙin babbar mota da gyaran inji.

To, a nan Nijeriya fa? Dokar Rundunonin Soja ta ƙasar nan, wadda aka kafa a 1993, lalle ta tanadi rundunar ko-ta-kwana. Amma waɗanda ta ambata da farko a cikinta su ne hafsoshi da sojojin da suka riga suka gama wa'adin aikinsu, watau tsofaffin soja waɗanda za a iya sake kira in buƙata ta taso. Ƙofar shigarta ta cikin bariki take. Yaron da bai taɓa taka fareti ba ba shi da wani fom da zai saya a bakin tasha ya zama sojan ko-ta-kwana yana zaune a gida ana aiko masa da albashi. Saboda haka, uwargida, in wani ya sallama miki da takarda mai tambarin soja ya ce ga wata hanya ta musamman, ɗanki zai zama soja ba sai ya bar gari ba, ki ba shi ruwa ya sha, ki sallame shi, kuɗinki kuwa su tsaya a ƙullinsu.

Ƙofar gaskiya ita ce ta kuratan soja, kuma ba a ɓoye take ba. Rundunar Sojan Ƙasa takan ba da sanarwa a jaridu da rediyo da shafinta na intanet duk lokacin da za ta ɗauki sababbin kurata. A can shafin nata ake cika fom, kuma kyauta ne, ko kwabo ba a biyan rundunar. Abin da za ki kashe bai wuce ladan mai shagon kwamfuta da kuɗin buga takardu da hoto ba. Sharuɗɗan da aka yi ta shelantawa a ɗaukar 2023 da 2024 ga su. Mai nema ya zama haifaffen ɗan Nijeriya, marar aure. Shekarunsa daga 18 zuwa 22, amma wanda ke da takardar shaidar wata sana'a, kamar kanikanci ko aikin wuta ko aikin jinya, an ɗaga masa zuwa 26. Tsawon namiji kada ya gaza mita 1.68, na mace kuwa mita 1.65, watau kimanin ƙafa biyar da inci shida, da ƙafa biyar da inci biyar. Ya ci aƙalla darussa huɗu har da Turanci a jarrabawar gama sakandare, a zama ɗaya ko biyu. Ya kasance yana da lambar shaidar ɗan ƙasa da lambar banki ta BVN, kuma kotu ba ta taɓa ɗaure shi ba. Waɗannan sharuɗɗa sukan ɗan sauya daga ɗauka zuwa ɗauka, don haka a sa yaro ya karanta sanarwar shekarar da kyau, ya kuma fassara wa iyayensa da Hausa kalma bayan kalma.

Bayan cika fom sai a buga takardun da ke biye da shi. Akwai ta yardar iyaye, akwai ta mai tsaya wa yaro, akwai ta shaidar ƙaramar hukuma. Daga nan sai rundunar ta fid da sunayen waɗanda za a tantance, kowa kuma a jiharsa ta asali ake tantance shi. Ɗan Bodinga ko ɗan Shagari ko da a Ikko yake zaune, Sakkwato zai dawo. A wurin tantancewa ana duba takardu, a auna tsawo, a sa su gudu da sauran motsa jiki, likitoci su duba jini da fitsari da ido da ƙirji. Wanda ya tsallake duk wannan shi ne za a kai makarantar horon kurata, wadda mafi daɗewarta ita ce Daffo ta Zariya da aka kafa tun 1924, ya yi wajen wata shida yana shan horo kafin a ce ya zama soja. Sojan ruwa da sojan sama su ma suna da tasu ɗaukar dabam, da nasu shafuna.

Wanda ke son zama hafsa kuwa, hanyarsa ta Kwalejin Horon Hafsoshi ta Kaduna ce, wadda aka buɗe a 1964. Ita sai an bi ta jarrabawar shiga jami'a, da kyakkyawan sakamako a darussa biyar har da Turanci da Lissafi, kuma ita akwai kuɗin fom da ake biya ta banki bisa yadda kwalejin ta shelanta, ba a hannun wani mutum ba. Masu digiri da manyan takardu, irin su likitoci da injiniyoyi da ma'aikatan jinya, suna da tasu ƙofar ta gajeren horo.

Yanzu ga inda aikinki yake, uwargida. Yawancin yaran da ake korowa daga wurin tantancewa ba ƙarfi suka rasa ba, yaron da ya tashi yana noma gero da kiwo ai gudu ba ya ba shi tsoro. Takarda ce ke kayar da su. A takardar firamare an rubuta Muhammadu, a ta sakandare Mohammed, a katin ɗan ƙasa kuma an ƙara sunan kaka ko an sauya ranar haihuwa. Mu a gida mun san mutum ɗaya ne, amma mai tantancewa da kwamfutarsa mutum uku suke gani. Wannan gyara ba a yinsa ana gobe tafiya. Tun yaro yana aji huɗu na sakandare ya kamata ki sa mahaifinsa ko kawunsa su zauna su jera takardunsa, su ga suna ɗaya ne, ranar haihuwa ɗaya ce. Ke mai jego kuma, ki matsa wa maigida ya karɓo wa jariri takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya tun kafin a yaye shi. Ki samo leda mai kauri ki zuba takardun kowane yaro, ki ajiye a ƙasan akwatinki inda gara da ruwan damina ba za su kai ba. Da yawa daga cikinmu mun fi kula da rasit ɗin keken ɗinki bisa takardar haihuwar 'ya'yanmu, wannan kuwa ba daidai ba ne.

Sai zancen rage shekaru. Wata za ta ce ɗana ya kai 25, bari a je a yi rantsuwa a kotu a mai da shi 21. 'Yar'uwa, ramin ƙarya ƙurarre ne. A da can da babu kwamfuta wataƙila a sha, amma yanzu shekarun da aka rubuta a lambar ɗan ƙasa da ta banki suna nan zaune suna jira. Ko ma ya tsallake, kin aza masa harsashin aikinsa bisa rantsuwar ƙarya, kuma da bakin wa za ki hana shi karɓar na goro a bakin hanya ran da ya sa kaki? In shekarun sun wuce, a duba ko yana da sana'ar da za ta shigar da shi ta ƙofar masu sana'a. In babu, a nemi wata hanyar abinci, arziki ba a bariki kaɗai yake ba.

Haka nan ki sa ido kan abin da ɗanki ke sha. Gwamnatin Tarayya ta hana maganin tari mai kodin tun 2018, amma ƙwayoyi ba su ƙare a garuruwanmu ba. Gwajin likita ba ya jin roƙo, ba ya kuma sanin ɗan wane. Yaron da ke son kaki ya rabu da waɗannan abubuwa tun da wuri, ya riƙa tashi da asuba bayan salla yana gudu, ya saba da wahala kafin ta zo masa.

Mu koma kan mazambata, domin su ne suka sa na ɗauki alƙalami yau. Rundunar soja ta sha yin gargaɗi cewa akwai shafunan bogi da ke kwaikwayon nata, da mutanen da ke yawo suna cewa su wakilanta ne. Salonsu kusan ɗaya ne ko'ina. Wani zai ce yana da babban hafsa a Abuja wanda aka ba gurbi biyar, saura ɗaya. Wani zai turo saƙo a waya cewa sunan ɗanki ya fito, a aiko da kuɗin kaki da takalmi kafin gobe da azahar. Kullum akwai gaggawa a zancensu, kullum kuma akwai "kada ki faɗa wa kowa". Wannan kalma ita ce alamar ɓarawo. Abin alheri ba ya tsoron a yi shawara a kansa. Kaki da takalmi gwamnati ke ba soja, ba uwarsa ke saya masa ba. Kuma ki lura, mai yiwuwa wanda zai kawo miki zancen ɗan'uwa ne ko maƙwabci wanda shi ma ruɗarsa aka yi, don haka kunya kada ta sa ki miƙa dukiyarki. Ki ce sai kin yi shawara da maigida, maigida kuma ya tambayi Hakimi ko shugaban makarantar yaron, ko wani tsohon soja na gari. Daga Bodinga zuwa Sakkwato ba wata tafiya ba ce, daga Shagari ma mutum zai je ya dawo kafin la'asar, kuma hedkwatar Runduna ta 8 ta Sojan Ƙasa tana nan cikin birnin. Kuɗin motar zuwa tambaya ya fi kuɗin tunkiya sauƙi.

Wani abin takaici shi ne, ko da a ce mai karɓar kuɗin nan ya cika alkawari, an cuci wani yaro marar gata wanda ya cancanta, an kuma ba ƙasa sojan da ya shiga ta taga. Wanda ya sayi kaki da kuɗi, zai nemi ya fanshe kuɗinsa a jikin talaka. Mu da muke kuka da halin waɗansu masu kaki, kada mu zama mu ne muke shuka irinsu.

Wata kuma za ta ce ita sam ɗanta ba zai yi soja ba, aikin 'yan iska ne, wanda ya gagari iyayensa shi ake turawa. Wannan tsohon zance ne da muka gada tun zamanin Turawa, lokacin da ake kwasar samari ana kai su yaƙin Bama. Ki dubi Mai Alfarma Sarkin Musulmi, Alhaji Muhammadu Sa'ad Abubakar na Uku. Ya shiga Kwalejin Kaduna a 1975, ya fito hafsa a 1977, ya yi aiki har ya kai muƙamin Birgediya Janar kafin a naɗa shi a 2006. Gidan da ya fi kowane gida daraja a ƙasar Sakkwato bai ga aibin ba da ɗansa ga aikin soja ba. A Shagari ma, garin marigayi Shugaba Alhaji Shehu Shagari wanda ya mulki ƙasar nan daga 1979 zuwa 1983, babban ɗansa Muhammadu Bala ya yi aikin soja har ya kai Kyaftin. Tsarin Mulkin Nijeriya ya ce rundunonin soja su ƙunshi 'yan kowane sashe na ƙasa, shi ya sa ake raba gurabe jiha-jiha. Jihar Sakkwato tana da ƙananan hukumomi 23, kowace da 'ya'yanta. In muka hana namu nema, ko muka bar su suka je da takardu a hargitse, ba mu da bakin cewa an yi ba mu. Ga kuma halin da 'yan'uwanmu na Sabon Birni da Isa da Rabah da Goronyo suka shiga a hannun 'yan bindiga, da na Tangaza da Gudu a hannun Lakurawa. Sojan da ya san harshen mutane da al'adarsu, ya san yadda ake sallama a ƙofar gida, ya fi saurin samun amincewarsu.

To, ku fa 'yan makaranta? Na san a cikinku akwai wadda in ta ga mace cikin kaki sai zuciyarta ta buga, amma tana jin nauyin faɗa a gida. Ki sani mata sun daɗe a wannan aiki. Josephine Tolefe, ma'aikaciyar jinya, ita ce mace ta farko da ta zama hafsa a sojan Nijeriya, a farkon shekarun samun mulkin kai. Dokta Aderonke Kale, likitar ƙwaƙwalwa, ta zama Manjo Janar a 1994, har ta shugabanci sashen likitocin sojan ƙasa gaba ɗaya. Itunu Hotonu ta kai muƙamin Riya Admiral a sojan ruwa. A 2011 Kwalejin Kaduna ta fara ɗaukar 'yan mata a cikakken horon hafsoshi, Blessing Liman kuma, 'yar Jihar Kaduna, ta zama mace ta farko mai tuƙa jirgin sojan sama. A 2018 Sojan Ƙasa ya kafa sashen mata na musamman. Ki sake duba sunayen nan, ki gaya mini ina 'yar Sakkwato a ciki.

Ba ina cewa kowace yarinya ta ajiye littafi ta nufi bariki ba. Iyayen da ke ɗari-ɗari suna da hujjarsu, suna tunanin sutura, da cuɗanya da maza, da nisan gida, da kuma aure, tun da sharaɗin shiga shi ne mace ba ta da miji, horo da farkon aiki kuma za su ci shekarun da aka saba aurar da 'yan mata a wajenmu. Waɗannan ba abin rainawa ba ne, kuma yarinyar kirki ba ta tsallake maganar iyayenta. Amma ku iyaye ku tuna da wani abu. Matar da 'yan bindiga suka kora daga ƙauyenta, ko wadda aka kuɓutar daga daji bayan watanni, wa kuke so ya duba jikinta, wa kuke so ta faɗa wa abin da ya same ta? A shingen bincike, wa kuke so ya caje matanku? Mace 'yar'uwarta, mai jin harshenta, ita ta dace. Ƙasar da Nana Asma'u ta tura jajis ƙauye-ƙauye suna karantar da mata, ƙasar da Shehu ya zauna a Sifawa, ƙanensa Abdullahi a Bodinga, suna koyar da maza da mata, ba ta rasa tarihin mata masu hidima ga jama'a ba.

Shawarata gare ki 'yar makaranta ita ce ki riƙe karatunki da kyau, musamman Turanci da Lissafi da darussan kimiyya. In kin samu hali ki yi makarantar jinya ko ungozoma ko jami'a tukuna. Mai takardar sana'a tana shiga da daraja, tana da aikin da ta iya a hannunta, in ma ba a ɗauke ta ba ko iyaye ba su yarda ba, asibitin garinku yana jiranta, ba ta yi hasarar komai ba. Kuma ki yi hattara ƙwarai da duk namijin da zai ce ki same shi a wani masauki zai sa sunanki a jeri. Ba a ɗaukar soja a ɗakin otal. Ran tantancewa ki tafi da wanki ko kawunki.

Akwai gaskiya mai ɗaci da ba zan ɓoye muku ba. Aikin soja ba aikin ofis ba ne. Tun daga 2009 da rikicin Boko Haram ya ɓarke a Maiduguri, sojojin Nijeriya da yawa sun kwanta dama, waɗansu sun dawo ba ƙafa ba hannu, an bar mata da marayu. Kowace ranar 15 ga Janairu ana taron tunawa da su. Saboda haka takardar yardar iyaye ba abin da za a dangwala wa hannu a tsaye ba ce. Ku zauna ke da maigida da yaron, ku tambaye shi me ya sa yake so. In albashi kawai yake hange, ko yana son ya sa kaki ya tsorata abokan gabarsa na unguwa, ku ba shi haƙuri. In kuwa kun ga zuciyarsa ta tsaya, ya san abin da ke ciki, ku yi istihara, ku sa masa albarka. Kada ki tura ɗa soja don ya gagare ki, bariki ba gidan gyaran kangararru ba ne. Kada kuma ki hana mai niyyar kirki da kuka da zagi har ya tafi a ɓoye ba da albarkarki ba. Ku tabbata kuma sunan magajin da ya rubuta a takardunsa na gaskiya ne, in ya yi aure daga baya ya je ya gyara, domin rikicin haƙƙin mamaci yakan faro daga nan.

Daga ƙarshe ina da kira ga hukuma. A ganina lokaci ya yi da Nijeriya za ta buɗe rundunar ko-ta-kwana ta sosai wadda farar hula zai iya nema, da fom a fili, da sharuɗɗa a fili. Dalilina shi ne, ko an buɗe ko ba a buɗe ba, mutane suna ɗaukar makami don kare garuruwansu. A Maiduguri matasa sun tashi a 2013 suka zama 'yan kato da gora. A nan yankinmu 'yan sa-kai sun fito, waɗansu suka wuce gona da iri, suka riƙa hukunta wanda bai ji ba bai gani ba saboda ƙabilarsa, har gwamnatin Jihar Sakkwato ta haramta su a 2021. Daga baya jihohi suka koma kafa nasu askarawan bisa doka, Katsina a 2023, Zamfara da Sakkwato a 2024. Wannan ya nuna buƙatar tana nan. Amma mutumin da za a ba bindiga ya kamata a san sunansa da na ubansa, Hakiminsa ya shaide shi, likita ya duba shi, a horar da shi, a biya shi a kan kari, in ya yi laifi a hukunta shi, in ya rasu a kula da iyalinsa. Manomin Kajiji da malamin makarantar Danchadi za su iya ba ƙasa wata guda a rani, su koma gona da aji sauran shekara. Ma'aikatan jinya mata ma za su samu gurbi a ciki, su taimaka ran ambaliya ko annoba ba tare da sun bar gidajen mazansu ba.

Na san masu cewa yawaita masu horon bindiga cikin gari hatsari ne, kuma 'yan siyasa za su iya mai da su karnukan farautarsu. Tsoron nan yana da tushe. Maganinsa shi ne rundunar ta zauna ƙarƙashin dokar soja ta tarayya, makamai su kwana a bariki, ɗauka kuma ta bi cancanta. Kafin a kai ga haka, in mijinki ko ɗanki zai shiga askarawan jiha, ki tambaya ko an ba shi takardar ɗauka, wa ke biyansa, me aka tanadar wa iyali in wani abu ya faru. Tambaya ba rashin kunya ba ce, ke za a bari da yara. Ku kuma matan da ke zuwa taron siyasa, in ɗan majalisarku ya zo neman ƙuri'a da atamfa da sabulu, ku karɓa ku gode, sa'an nan ku tambaye shi abin da ya yi a kan wannan magana.

To, 'yan'uwa, a taƙaice ke nan. Fom ɗin kurtu kyauta ne, takardun yaro a gyara su tun da wuri, shekaru a faɗi na gaskiya, mai cewa a kawo kuɗi a ɓoye a guje shi. Wadda ta iya karatu ta karanta wa kishiyarta da maƙwabciyarta, ke 'yar makaranta ki karanta wa Inna da daddare bayan an gama tuwo. Allah Ya tsare mana 'ya'yanmu na gida da na bariki, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya, amin. Sai mun sake saduwa.